Tsawon Rai da Mace-mace a Kamaru da Cadi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka karanto a rediyo cewa matsakaicin tsawon ran ɗan Cadi bai wuce shekara 55 ba, ko kuma na ɗan Kamaru ya ɗan haura 60, ba a rasa wanda zai yi tsaki a majalisa ya ce kakansa ya shekara 90 yana zuwa gona da ƙafarsa. Maganarsa gaskiya ce, alƙaluman ma gaskiya ne, kuma amsoshin da ke tafe suna ƙoƙarin nuna yadda biyun suke zama wuri guda.

Mene ne ainihin abin da ake nufi da matsakaicin tsawon rai?

Lissafi ne da ake yi wa jaririn da aka haifa a wata shekara, inda ake tambaya cewa idan yawan mace-macen da aka gani a shekarar, a kowane matakin shekaru, ya ci gaba yadda yake, shekara nawa jarirai irinsa za su yi a duniya idan aka haɗa shekarunsu aka raba daidai. Misali zai fi saurin warware maganar. A ɗauka an haifi yara 10 a wata unguwa, 3 suka rasu suna da shekara 1, sauran 7 kuma kowannensu ya kai 70. Idan aka tara shekarunsu za a sami 493, a raba gida 10 a sami 49 da 'yan kai, alhali kuwa babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ya rasu yana ɗan 49. Da a ce yaro 1 kaɗai aka rasa a maimakon 3, lissafin zai tashi zuwa 63 ba tare da wani tsoho ya ƙara ko kwana ɗaya a kan shekarunsa ba.

Wannan shi ne mabuɗin dukan abin da za a faɗa a ƙasa. A ƙasashe irin namu mutuwar ƙananan yara ce take jan lissafin ƙasa, kuma raguwarta ce take ɗaga shi. Wanda ya riga ya kai shekara 60 a Kamaru ko Cadi, a bisa wannan lissafi ɗin dai, yana da wajen shekara 15 ko fiye a gabansa.

Shin wannan lissafi bai yi karo da imani da ajali ba?

Bai yi ba, domin lissafin bai san ranar kowa ba, kuma bai yi da'awar sani ba. Yana duba abin da ya riga ya auku ne a cikin jama'a mai yawa, kamar yadda manomi yake cewa gonarsa takan ba da buhu 20 ba tare da ya yi iƙirarin sanin abin da damina mai zuwa za ta kawo ba. Malamai sun daɗe suna kafa hujja da labarin Sayyidina Umar, wanda ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ƙirga mamata da bin diddigin sababin rasuwarsu yana cikin riƙo da sababi.

Ina ake samo alƙaluman, tunda mafi yawan mamatanmu ba a rubuta su a ko'ina?

Wannan tambaya tana da ƙarfi, kuma masu lissafin ba sa musunta ta. Mutum yakan rasu da asuba a gida, a yi masa sutura kafin azahar, ba likitan da ya gan shi, ba kuma wanda ya je ofishin magajin gari neman takardar rasuwa sai idan akwai maganar fansho ko gado a gaban hukuma. Saboda haka ake bi ta wasu hanyoyi. Ta farko ita ce ƙidayar jama'a, wadda Kamaru ta yi a 1976 da 1987 da 2005, Cadi kuma a 1993 da 2009. Ta biyu, wadda ta fi amfani a nan, ita ce binciken lafiya da ake bi gida-gida a zaɓaɓɓun garuruwa da ƙauyuka, wanda aka yi a Kamaru a 1991 da 1998 da 2004 da 2011 da 2018.

A irin wannan bincike ma'aikaciya takan shiga ɗaki ta zauna da mace mai shekara tsakanin 15 da 49, ta roƙe ta ta lissafo duk haihuwar da ta yi tun daga ta fari, da wanda yake raye, da wanda ya rasu, da watanninsa a lokacin da ya rasu. Wanda ya san gidajenmu ya san wahalar wannan aiki. Uwa tana jin nauyin ambaton sunan ɗan fari, ba ta son ƙirga 'ya'yanta a gaban baƙuwa, kuma jaririn da ya koma kafin ranar suna sau da yawa ba ta sa shi a lissafi, sai mai tambaya ta yi dabara ta ce ta ga tazarar shekara 4 tsakanin wane da wance, ko akwai wani a tsakani. Ga kuma matsalar shekaru, tunda dattawa da yawa takardunsu na cewa an haife su wajajen shekara kaza ne, shi ya sa masu 50 da 60 da 70 suke fin masu 49 da 61 yawa a takarda. Daga waɗannan amsoshi ne Majalisar Ɗinkin Duniya take fitar da ƙiyasinta. Ya kamata a karanta shi a matsayin ƙiyasi, wanda zai iya kuskurewa da shekara 1 ko 2, amma ba zai kuskure inda aka dosa cikin shekara 60 ba.

To, yaya alƙaluman suka sauya daga samun 'yancin kai zuwa yau?

A 1960, shekarar da ƙasashen biyu suka sami 'yancin kai, matsakaicin tsawon rai a Kamaru ya ɗan haura shekara 40, a Cadi kuwa bai kai 40 ba. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya sa Kamaru a wajen 64, Cadi a wajen 55, alhali na duniya baki ɗaya 73 ne, na Japan kuma ya kai 84. Cadi tana cikin ƙasashe 'yan kaɗan da suke can ƙarshen jerin, tare da maƙwabtanta Najeriya da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A ƙasashen biyu mata suna fin maza da wajen shekara 4.

Tafiyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Kamaru ta hau a kai a kai har ƙarshen shekarun 1980, sannan ta tsaya, ta ma ɗan koma baya na fiye da shekara 10, kafin ta sake ɗagawa bayan 2000. Cadi ba ta yi irin wannan faɗuwa a fili ba, amma hawanta ya kasance a hankali ƙwarai.

Me ya kawo ƙaruwar da aka samu a shekarun farko?

Abubuwa ne marasa tsada da aka kai har inda mutane suke. Tun zamanin Turawa, likitan nan Bafaranshe Eugène Jamot ya kafa ayarin ma'aikata masu yawo ƙauye-ƙauye a shekarun 1920 domin yaƙi da ciwon barci, kuma wannan tsari na bin mara lafiya har gida maimakon jiransa a asibiti shi aka ci gaba da amfani da shi bayan tafiyarsu. Daga 1967 aka yi gagarumin aikin rigakafin agana da ƙyanda a yammaci da tsakiyar Afirka, kuma dattawa da yawa har yanzu suna ɗauke da tabon lambar a dantsensu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta gushewar agana daga doron ƙasa a 1980, shi ya sa matashin yau bai taɓa ganin sabon zanzana a fuskar kowa ba. Bayan haka sai rigakafin yara na yau da kullum ya zo, na ƙyanda da tarin shiƙa da mashaƙo da shan inna da sarƙewar haƙora da tarin fuka, ga ƙwayar zazzaɓi mai arha, ga allurar fanisilin, ga ruwan gishiri da suga na gudawa, ga rijiyoyin burtsatse.

Sunayen da ke gidajenmu ma shaida ne. Ajuji da Ayashe sunaye ne da ake raɗa wa ɗan wabi, wato yaron da yayyensa suka yi ta komawa ɗaya bayan ɗaya, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko Allah zai sa ya tsaya. A cikin tsofaffi ana jin waɗannan sunaye, a cikin 'yan makaranta kuwa sun yi wuya.

Me ya sa Kamaru ta koma baya a shekarun 1990?

Masifu uku ne suka haɗu mata. Daga 1986 farashin man fetur da koko da gahawa da auduga ya faɗi a kasuwar duniya, baitulmali ya bushe, aka zabtare albashin ma'aikata har sau biyu a 1993, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, abin da ya sa duk maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada cikin dare ɗaya. A wannan zamani ne biyan kuɗi a asibitin gwamnati ya zama ƙa'ida, mutane suka koma ga mai tallar ƙwayoyi a bakin kasuwa. Ta biyu ita ce sida, wato cutar ƙanjamau, wadda ta kashe mutane a tsakiyar ƙarfinsu, ta bar marayu a hannun kakanni. Ta uku, wadda ba a cika ambata ba, ita ce ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro ta daina jin kulorokwin, sai uwa ta ba yaro maganin da ta saba ba yayansa, zazzaɓin ya ƙi sauka.

Binciken gida-gida ya nuna sawun wannan zamani ƙarara. Cikin kowane yara 1,000 da aka haifa, waɗanda ba su kai shekara 5 ba sun kasance 126 a binciken 1991, suka hau 151 a na 1998, suka tsaya a 144 a na 2004. Sai a 2011 aka sauko 122, wato kusan inda aka baro shekara 20 da suka gabata, sannan a 2018 aka kai 80. A ɓangaren sida kuma, masu ɗauke da ita cikin manya sun ragu daga sama da kashi 5 cikin 100 a 2004 zuwa 4.3 a 2011 da 2.7 a 2018, kuma tun 2007 maganin rage kaifinta kyauta ne. Abin lura a nan shi ne ba a yi wani babban yaƙi a Kamaru a shekarun 1990 ba. Tsadar magani da lalacewar ƙananan asibitoci sun isa su cinye ribar shekara 20.

Ita kuwa Cadi me ya riƙe ta a baya?

Yaƙi ne a kan gaba. Daga boren Mangalme na 1965 ƙasar ba ta sami dogon zaman lafiya ba, kuma a 1979 da 1980 faɗa ya shiga Njamena kanta, har jama'a suka yi ta tsallaka kogi zuwa Kusuri da abin da suka iya ɗauka. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi sun kawo yunwa. Likitoci da malaman asibiti da yaƙi ya kora ba a maye gurbinsu cikin shekara ɗaya. Ga kuma faɗin ƙasa da ya haura murabba'in kilomita miliyan 1.2, da makiyaya masu ƙaura waɗanda asibitin da ke tsaye wuri guda ba ya riskarsu. A wajajen 2000 masu bincike sun tarar cewa a rugagen Shari-Bagirmi da Kanem shanu sun fi yara samun rigakafi, sai aka fara tura likitan dabbobi da na mutane a mota guda, a yi wa garke da yaran makiyaya a zama ɗaya.

Mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta kasance 194 cikin 1,000 a binciken 1996 zuwa 1997, kuma a 2004 tana nan a 191, kamar ba a yi komai ba. Daga nan ta sauko 133 a binciken 2014 zuwa 2015, da 122 a na 2019. An fara tura man Doba zuwa tashar Kribi a 2003, amma kuɗin mai bai sauya halin asibitin ƙauye da saurin da aka yi tsammani ba.

Wata nasara ta Cadi ta cancanci a tsaya a kanta. Kowa a wannan yanki ya san sanƙarau, mai zuwa da zafin bazara da ƙura, wanda a 1996 ya kama fiye da mutum 250,000 a ƙasashen Sahel ya kashe wajen 25,000. A watan Disambar 2011 aka yi wa wajen mutum miliyan 1.8, masu shekara 1 zuwa 29, sabuwar allurar MenAfriVac a Njamena da yankunan da ke kewaye da ita. A bazarar da ta biyo baya sanƙarau ya ragu da kashi 94 cikin 100 a inda aka yi allurar idan aka gwada da inda ba a kai ga yi ba. Arewacin Kamaru ma ya sami wannan allura a lokaci guda.

Shin alƙaluman ƙasa baki ɗaya suna nuna halin da arewacin Kamaru yake ciki?

Ba sa nunawa, kuma wannan shi ne babban aibinsu. A binciken 2011, lokacin da na ƙasa yake 122, na Jihar Arewa, inda Garwa take, ya kai wajen 190, na Jihar Arewa Mai Nisa kuma ya kusa 170, alhali Duwala da Yawunde ba su kai rabin na Jihar Arewa ba. Ma'ana, yaron da aka haifa a ƙauyen Benuwe a wancan lokaci ya fi kusa da ɗan Cadi a haɗarin mutuwa fiye da ɗan ƙasarsu na Duwala. An sami sauƙi sosai a binciken 2018, amma arewa ba ta bar ƙarshen layi ba.

Dalilan a bayyane suke. Likitoci sun taru a manyan biranen kudu, mata da yawa a arewa ba su yi makaranta mai nisa ba, ana aure da wuri, ana haihuwa kusa da kusa, kuma tamowa ta fi yawa, domin a 2018 fiye da yaro 1 cikin 3 a jihohin arewa bai kai tsayin da ya dace da shekarunsa ba. Binciken ƙasashen biyu ya yi ta maimaita abu guda, cewa ɗan macen da ta yi sakandare ya fi ɗan wadda ba ta shiga aji ba samun damar kaiwa shekara 5, da tazara mai yawa.

Wace cuta ce ta fi ɗaukar yara a yanzu, kuma me ake yi a kanta?

Zazzaɓin cizon sauro, da ciwon huhu, da gudawa, da matsalolin watan farko na haihuwa, kuma tamowa tana ƙarƙashin yawancinsu tana raunana yaro kafin cutar ta iso. A arewa zazzaɓi yana da lokacinsa, daga tsakiyar damina zuwa kaka, wato daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma hanya ta lalace. Kamaru ta mayar da maganin zazzaɓin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2011, ta fara rabon gidan sauro ga ƙasa baki ɗaya a shekarar, sannan daga 2016 aka fara ba yaran Jihar Arewa da Arewa Mai Nisa maganin rigakafi kowane wata a damina.

Duk wanda ke zaune a Garwa ko Marwa ya ga wannan aiki. Ma'aikata biyu sukan yi sallama a ƙofar gida da 'yar jaka da littafi, a fito da yara daga mai wata 3 zuwa wanda bai cika shekara 5 ba, a narka ƙwayar a cokali da ruwa kaɗan a ba yaro a gabansu, a bar wa uwa na kwana biyu masu zuwa, sannan a yi alama da alli a jikin bango. Inda aikin yake tangarɗa shi ne waɗannan ƙwayoyi biyu da aka bari a gida, domin wata uwar takan ajiye su har sai yaro ya yi zazzaɓi, alhali amfaninsu a sha su kafin ya zo. A ranar 22 ga Janairun 2024 Kamaru ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta sa allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro cikin rigakafin yara na yau da kullum, Cadi kuma ta bi baya a watan Oktoban shekarar, tare da rigakafin ciwon huhu da na gudawa. Allurar tana rage haɗari ne, ba ta ɗauke buƙatar gidan sauro ba.

Yaya batun mata masu rasuwa wajen haihuwa?

A nan ne ƙasashen biyu suka fi jin kunya. A Kamaru adadin ya yi ta hawa a lokacin da ya kamata ya sauka, daga 430 cikin kowace haihuwa 100,000 a binciken 1998 zuwa 669 a 2004 da 782 a 2011, kafin ya sauko ƙasa da 500 a 2018. A Cadi ya kai 1,099 a 2004, ya sauko 860 a binciken 2014 zuwa 2015, kuma tunda mace a Cadi takan haifi 'ya'ya 6 ko fiye, tana shiga wannan haɗari ne sau da yawa a rayuwarta. Ana samun waɗannan alƙaluma ta hanyar tambayar mutane game da 'yan'uwansu mata da suka rasu, shi ya sa ba su da kaifin na yara.

Abin da ke kashe matan sananne ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, da zazzaɓin bayan haihuwa. Kusan dukansu ana maganinsu idan an isa asibitin da ke da jini da ɗakin tiyata a kan lokaci. Jinkirin yakan faru ne sau uku. Ana jira a gida a ga ko za ta sauka, ko a jira dawowar maigida ya ba da izini, sannan a nemi babur cikin dare a tarar mayo, wato rafi, ya kawo ruwa ba ya ƙetaruwa, sannan a isa asibiti a tsaya neman kuɗin kayan aiki. Jinkiri na uku ne aka nufa da takardar lafiya ta masu ciki da aka fara a jihohin arewa uku a 2015, inda mace take biyan sefa 6,000, wato jaka shida, ta sami awo da haihuwa da tiyata idan ta kama, da kulawa har kwana 42 bayan haihuwa. Takardar ba ta gina gada, ba ta kuma ba da izini a madadin miji.

Yaƙi da ambaliya da annoba fa, nawa suke ragewa?

Abin mamaki shi ne babbar masifa ta rana ɗaya ba ta cika motsa lissafin ƙasa ba. Iskar da ta fito daga Tafkin Nyos a watan Agustan 1986 ta kashe fiye da mutum 1,700 cikin dare guda, amma zazzaɓi yana kashe ninkin wannan a kowace shekara ba tare da an yi shela ba. Illar rikici ta fi yawa ta bayan fage. Tun da Boko Haram ta tsananta hare-hare a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga da Logone-da-Shari daga 2014, an rufe ƙananan asibitoci a bakin iyaka, ma'aikata sun gudu, rigakafi ya tsaya, manoma sun bar gonaki, kuma yaron da ƙyanda ta kashe a sansanin gudun hijira ba a sa shi cikin waɗanda yaƙi ya kashe. Haka ambaliyar 2022 da ta 2024 a Njamena da Yagwa, wadda ta bar gurɓataccen ruwa da sauro bayan ta janye. Kwalara ta 2010 ta kashe ɗaruruwan mutane a Arewa Mai Nisa. Korona kuwa, wadda ta rage tsawon ran duniya da shekara 1.8 tsakanin 2019 da 2021, ta fi taɓa tsofaffi, kuma jama'armu yawancinta yara ne da matasa.

Idan mutuwa ta ragu, me ya sa muke ganin jana'iza ta fi da yawa?

Domin mun fi da yawa. A 1960 mutanen Kamaru wajen miliyan 5 ne, kuma fiye da 20 cikin kowane 1,000 suna rasuwa a shekara, wato sama da mutum 100,000. Yanzu sun haura miliyan 28, masu rasuwa ba su kai 10 cikin 1,000 ba, amma idan aka yi lissafi za a tarar sun kai wajen 200,000. Cadi ma daga miliyan 6.3 a ƙidayar 1993 ta kai miliyan 11 a ta 2009. Ga kuma waya, wadda take kawo wa mutum labarin rasuwar da a da sai bayan wata zai ji. Akwai wani abu kuma: jana'izar jariri ba ta tara jama'a, mutum huɗu ko biyar ne suke kai shi, don haka raguwarta ba ta fito fili kamar yadda rasuwar magidanci take fitowa.

Gaskiya ne cewa cututtukan manya sun ƙaru?

Gaskiya ne, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne mutane da yawa yanzu suna kai shekarun da waɗannan cututtuka suke kamawa. Hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda sun zama ruwan dare a birane, kuma hawan jini yakan yi shekaru a jiki ba tare da ciwo ba, sai ranar da aka ce wane ya faɗi a banɗaki. Haɗarin mota da na babur yana ɗaukar samari, wanda yana cikin dalilan da suka sa maza ba sa kai mata. Wahalar ita ce asibitocinmu an gina su ne domin cutar da ake sha wa magani kwana 3 a warke, ba wadda ake saye wa ƙwaya kowane wata har ƙarshen rai ba, kuma a Kamaru wajen kashi biyu bisa uku na kuɗin jinya daga aljihun mara lafiya yake fitowa.

Ashe ba talauci ne kawai ba, wanda sai ƙasa ta yi arziki zai kau?

Talauci yana da hannu, amma Nijar ta nuna bai isa ya zama uzuri ba. Ta fi Kamaru talauci nesa ba kusa ba, kuma a binciken 1992 yara 318 cikin 1,000 ba sa kai shekara 5 a can. Ta gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, ta dage da rigakafi da gidan sauro, sai ga shi a binciken 2012 adadin ya sauko 127, kusa da na Kamaru na lokacin. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya, amma Kamaru da Cadi ba su kai wannan mizani ba.

Ana iya cewa tsawon rai zai ci gaba da ƙaruwa?

Hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya yana cewa zai ƙaru, amma hasashen ya ginu ne a kan cewa abin da ake yi yau za a ci gaba da yin sa, kuma shekarun 1990 sun nuna ba dole ba ne. Burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu shi ne kafin 2030 mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 ta sauko 25 cikin 1,000, kuma tazarar da ke tsakanin wannan da 80 na Kamaru ko 122 na Cadi ba ta 'yan shekaru ba ce. Sauran aikin ma ya fi wuya, domin kaso mai yawa na yaran da ake rasawa yanzu a watan farko ne, 28 cikin 1,000 a Kamaru a binciken 2018, kuma su ba allura guda ce take cetonsu ba, sai ungozoma ƙwararriya da wutar lantarki da asibitin da ke buɗe cikin dare.

Kamaru ta ƙaddamar da matakin farko na shirin kula da lafiyar kowa a watan Afrilun 2023. Sai dai gidan sauro da maganin sida da alluran rigakafi, yawancin kuɗinsu daga waje yake zuwa, kuma shirin Amurka na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, wanda a Kamaru ya tattara ƙarfinsa a Jihar Arewa da Arewa Mai Nisa, yana cikin waɗanda dakatar da tallafin ƙasashen waje da gwamnatin Amurka ta yi a farkon 2025 ta shafa. Cadi kuma tun watan Afrilun 2023 take karɓar dubun dubatar 'yan gudun hijirar Sudan ta garin Adre, a yankin da asibitocinsa ba su ishi mazaunansa ba tun kafin zuwansu.